Shirun da Ke Tsakiyar Waƙa

Malama ta riga ta yanke shawara: ba za ta sake gaya masa ba. Ranar Litinin za a yi mata aiki a asibiti, a cire wani ƙullutu da likita ya gano a ƙirjinta, kuma mijin da suka tsufa tare bai taɓa buɗe baki ya ce mata ko "yaya jikin" ba. Gobe Lahadi yayarta za ta zo da mota ta ɗauke ta. Daga asibiti gidan Yaya za ta wuce ta yi jinya. Abin da ko Yayar ba ta sani ba shi ne, Malama ba ta da niyyar dawowa.

Ba ɓoye masa ta yi ba. Ranar da ta dawo daga wurin likita, tana tsaye a kicin tana wanke kofuna, shi yana bayanta a teburi yana cin abinci, ta faɗa masa komai. Da gangan ta ba shi baya, don ta san in ta kalle shi kuka za ta yi, ita kuwa ta tsani kuka a gaban mutane, har da shi. Ta faɗi abin da likita ya gani, ta faɗi abin da ake tsoro, ta faɗi ranar aikin. Ta jira, famfo yana zuba. Ya ce, "To." Ya ci gaba da tauna.

Ta yi masa uzuri, ta ce ƙila abin ne ya yi masa nauyi a baki. Bayan kwana biyu suna cikin mota, tana kallon shaguna ta taga, ta sake ɗauko maganar. Ya ce, "To, to," ya kunna sigina ya sha kwana. Daga nan ta ja bakinta ta rufe. Matar da ta yi shekaru tana koyar da yaran firamare ta san nanata magana, sana'arta ce ma, amma wannan ba darasin lissafi ba ne. 'Yarsu Auta tana can wani gari da tsohon ciki, ba a gaya mata ba. Yaya kuwa tun ranar aure ba ta ga abin so a jikin mutumin nan ba. Da ta ji labarin "to" ɗin sai ta ce, "Ai na gaya miki," da wani irin daɗi a muryarta da ya ƙara ɓata wa Malama rai.

A wurin aiki Zarto suke ce masa. Shi ne babba a sashen yanka na wani kamfanin kujeru da kabad, ya shiga yana saurayi, har yau kullum yana dawowa gida da garin katako a gira. Ba ya shan komai, ba ya yawo, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Aibinsa guda ne, sai dai aibin yana da ƙara: kiɗan rok, mai nauyin nan, wanda ake dukan ganga kamar ta yi laifi, ana matse jita har sai ta yi ihu. A cikin masu wannan kiɗan ma yana da nasa na kansa, wasu tsofaffi huɗu masu gashi har kafaɗa. Sunan ƙungiyar da wani yare yake, Malama ba ta taɓa wahalar da harshenta a kansa ba. Tunda hoton guduma ne a rigunansu, 'yan guduma take ce musu, har shi ma ya gaji da gyara mata ya koma faɗin haka.

Ta taɓa tunanin ko kunne ne, amma ta watsar. Mutumin da zai ji motar abokinsa Direba tun tana kwanar layi, ya miƙe ya buɗe ƙofa? Mutumin da Direba zai yi wa magana ƙasa-ƙasa da ƙatuwar muryar nan tasa, ya kwashe da dariya? In ta tsaya a gabansa ta ce ina makullin mota, ai amsawa yake. Sai ta yi magana daga kicin ko daga ɗaki ne ake samun "to". Butar shayi ta yi ta fito har ruwan ya ƙone yana zaune kusa da ita bai motsa ba. Saboda haka hukuncinta ya fita tuntuni: abin da yake so shi yake ji, ita kuma ba ta cikin abin da yake so.

Asabar ɗin nan kuwa ranar sabon albam ce. 'Yan guduma sun daɗe ba su fitar da komai ba, har an fara cewa sun watse, sai ga shi sun dawo. Zarto yana da ƙa'idarsa a kan wannan. Ba ya jin gutsuren waƙa a waya, ba ya karanta abin da wasu suka rubuta, in Direba ya fara "ka ji an ce…" sai ya ɗaga masa hannu. Sai faifan ya zo hannunsa, ya yi wanka, ya sa tsohuwar baƙar rigar nan mai guduma wadda tumbi ya riga ya fi ƙarfinta, ya zauna a kujerarsa. Kujerar shi ya ƙera ta da hannunsa, ya kuma manna salatif a ƙasa daidai inda kowace ƙafarta za ta tsaya, tsakanin manyan sifika biyu. Ko shara Malama za ta yi, zagaye ta take. Auta ta taɓa janye ta sau ɗaya don ta taka ta canza ƙwan fitila, aka wuni ana shari'a. A nan zai ji faifan daga farko har ƙarshe ba tare da ya ce uffan ba. Sannan ya ɗauki waya ya naɗi ra'ayinsa da murya, ya tura wa guruf ɗin masoyan ƙungiyar, inda shi ne dattijo. Matasan ciki Baba suke ce masa, suna jiran hukuncinsa kamar sakamakon jarrabawa.

A irin wannan ranar Malama ficewa take, kasuwa ko gidan ƙawa, ko'ina dai. Yau ba ta da lokacin gudu, jaka take haɗawa.

Da hantsi ya leƙo ɗakin da faifan a hannu, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa keke. Ya ga jakar a kan gado.

"Tafiya za ki yi?"

Ta juyo ta dube shi ido cikin ido. "Gidan Yaya."

"Sai yaushe?"

"Sai ka gan ni."

"Ki gaishe ta," ya ce, "in za ta amsa." Ya yi 'yar dariyarsa, ya ɗaga faifan. "Malama, yau sai haƙuri. Ki ja ƙofa."

Ta ja ƙofar, ta so a ce ta ƙarfe ce don ta ji daɗin bugawa. Ki gaishe ta! Jibi za a yanka ta, shi yana aika gaisuwa. Ranta ya yi baƙi ƙirin, ta ɗauki rigar da ta riga ta ninke ta warware ta sake ninkewa.

Sai gidan ya ɗauka. Ganga ce ta fara shigowa, ta bi ta ƙasa ta hau ƙafafun gado, kwalbar turare ta fara tafiya a kan madubi. Malama ta tare ta da hannu ɗaya ba tare da ta kalla ba, ta saba. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, shekarun da ta yi tana jin mutanen nan ta bango sun koya mata su ko tana so ko ba ta so. Ta san mai ganga ba ya haƙuri, kullum kamar yana sauri ya kama mota. Ta san mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya, shi ne mai hankalin cikinsu. Yau tun waƙar farko ta ji muryar mawaƙin ta dushe, ta ce a ranta, kai ma tsufa ya zo.

Ta ci gaba da aikinta. Rigunan barci masu maɓalli a gaba, kamar yadda nas ta ce, don ba za ta iya ɗaga hannu ba. Silifas, man shafawa, tabarau, caja. Ta sa tawul, ta cire, ta sa wanda ya fi laushi. A ƙarƙashin kayan asibitin ta jera waɗanda ba na asibiti ba: takardun makarantarta, hoton Auta tana ƙarama, ɗan kunnen mahaifiyarta. Waƙa ta wuce, wata ta shigo, duk hayaniyar da ta sani.

Wajen tsakiyar faifan aka shiga wata waƙa mai tafiya a hankali, mai nauyi, kamar ana jan buhu. Ana cikin haka ganga ta tsaya cak. Bes ya ɗauke, mawaƙin ya yi shiru. Sai jita ita kaɗai, siririya, can sama. Ba ihun da Malama ta saba ji ba ne. Ta hau a hankali, ta tsaya tana karkarwa, ta sauko kaɗan, ta sake hawa inda ya fi na farko. Kamar mutum yana so ya faɗi wata magana yana fasawa. Malama ta tsinci kanta zaune a bakin gado da tawul a cinya. Tsoron Litinin da ta danne duk makonnin nan ya taso mata, ta ji tana tsoron mutuwa ƙarara, ba kwana-kwana. Sai kuma haushi ya kama ta. Duk duniya a rasa wanda zai taɓa mata zuciya sai ɗan guduma.

Ta tashi ta buɗe ƙofa da niyyar ta ce ya rage. Ba ya kan kujera. Yana durƙushe a bayan sifikar dama yana girgiza wayar da ke jikinta. Ya miƙe, ya leƙa injin faifan, lambobi suna tafiya yadda ya kamata. Ya kara kunnensa a jikin sifikar, ya ɗan bubbuga ta da yatsa. Jitar kuwa ta cika falon, har kofunan gilashin cikin kabad suna amsawa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana hararar injin. Sai ganga ta faɗo gaba ɗaya, ya yi firgigit, ya koma ya zauna yana girgiza kai, ya ja tsaki.

Ta ɗauka wani abu ne na masana, irin wanda suke ji ita ba ta ji. Ta koma ɗaki, amma ba ta ja ƙofar ba.

Faifan ya ƙare. Aka yi ɗan shiru, ta ji ya yi gyaran murya irin na mai shirin jawabi. Da ma shi magana a waya ihu ne.

"Jama'a, Baba ne. Na ji, daga farko har ƙarshe, kuma zan faɗi gaskiya ko za ku cire ni daga guruf. Mai ganga dai Allah ya ƙara masa lafiya, tsohon nan hannunsa bai mutu ba, waƙar farko kaɗai ta isa ta tashi unguwa. Mai bes yana nan inda muka bar shi, shi da ma bai taɓa ba mu kunya ba. Mawaƙi, murya ta yi kauri, ni ta fi min daɗi haka, da can tsiwa ta yi masa yawa. Sai dai yanzu cinye kalmomi yake, kamar mai magana da loma a baki. Wanda ya haɗa sautin kuma sai a hankali, ya lulluɓe komai da bargo, farantan ƙarfen nan na mai ganga ko ɗaya ba ka ji. Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin takaici mai jita ne. Jama'a, mutumin nan ya gama. Wanda a da in ya hau sama sai tsikar jikinka ta tashi, yanzu rakiya kawai yake yi. Ku je waƙar tsakiya ku ji abin kunya. An tsayar da komai, an share masa fili, ka ce yanzu zai yi abin da ya saba, sai shiru. Shiru fa! Har na tashi ina duba waya ko ɓera ya ci. Sun bar rami a tsakiyar waƙa, gobe a ce mana fasaha ce. In ya gaji ya faɗa, ba laifi ba ne, kowa yana tsufa. Amma a sayar mana da shiru, wannan ban yarda ba."

Malama tana tsaye da silifas ɗaya a hannu. Ta ajiye shi a hankali a kan gado.

Ta fito. Yana zaune ya ba ta baya, ya sunkuya a kan wayar yana neman inda ake turawa da babban yatsansa mai tabo. Ta tsaya a bayan kujerar, kusa har tana ganin garin katakon da wanka bai fitar ba a bayan kunnensa. Da muryarta ta kullum, siririyar nan da yaran aji suke kwaikwaya a bayan idonta, ta ce, "Baban Auta."

Bai motsa ba.

"Ranar Litinin za a yi min aiki."

Ya sosa wuya.

Ta ɗaga murya. "Baban Auta!"

Kansa ya ɗan karkata, kamar wanda ya ji an motsa wani abu a wani ɗaki. Bai juyo ba. Ya ce, "To."

A nan ta ga yadda ake ƙera "to" ɗin. Ya ji an yi magana, bai ji me aka ce ba, sai ya miƙa abin da yake da shi. Ta ɗauka sauƙi za ta ji, amma ba shi ya fara zuwa ba. Kunya ce ta fara zuwa, ta tuna takardun da ta jera a ƙasan jaka. Sai fushi ya biyo baya, a kansa don ya ɓoye mata, a kanta don ta zaɓi famfo da tagar mota ta yi musu bayani. Makonni tana kwana kusa da mutum tana tsine masa a zuci a kan maganar da ba ta taɓa shiga kunnensa ba.

Ta zagayo gabansa, ta ɗora hannu a kan wayar.

"Kada ka tura wannan."

Ya ɗago yana murmushi. "Tun yaushe kika shiga guruf?"

"Dariya za su yi maka. Babu wani shiru a waƙar nan."

"Haba Malama. Ke fa ko sunansu ba ki iya faɗa ba."

"Sunansu ban iya ba, amma kunnena ƙalau. Mayar da ita."

Ya dube ta. A tsawon zamansu ba ta taɓa cewa a mayar da waƙar 'yan guduma ba, sai dai a kashe. Ya ɗaga kafaɗa, ya danna. Ta jawo ɗan teburin shayi ta zauna a kai, gefensa. Waƙar ta fara jan buhunta. Ya naɗe hannu yana jira, da fuskar mai gaskiya. Da ganga ta tsaya ya buɗe tafukansa biyu, wato kin ji ko?

Ta kama hannunsa na hagu ta juya shi, ta ɗora yatsa a wuyan hannun.

"Ta fara," ta ce, tana kallonsa don ya ga bakinta. "Ga ta nan."

Jitar ta hau, yatsar ta bi ta, a hankali, ta kan tsofaffin tabban aiki, har kusa da gwiwar hannu. Da sautin ya tsaya yana karkarwa, ta tsaya tana girgiza yatsar a wuri ɗaya. Ya sauko, ta sauko. Ya sake hawa, ta wuce gwiwar hannun, har bakin hannun rigar mai guduma. Zarto ya kalli yatsar, ya kalli sifika, ya kalli fuskarta. Murmushin ya tafi.

"A nan ya riƙe ta?" ya ce. "Yana girgiza ta?"

"Yana girgiza ta."

"Sai ya sauko rabi, kamar zai bari, ya koma?"

"Haka ya yi. Ga shi ma ya sake."

Ya runtse ido. Ta ga leɓensa yana motsi, yana bin abin da ba ya ji, daga abin da ya sani na mutumin tun suna samari. Da ganga ta faɗo bai firgita ba wannan karon, yatsarta ta riga ta gaya masa.

"Ɗan banza," ya ce a hankali. "Ashe yana nan."

"Yana nan. Farantan ma suna nan, tun ɗazu suke fasa min kai."

Ya rage sautin. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya goge abin da ya naɗa, ya kife ta a cinya.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Ina na sani? Abin ba rana ɗaya ya zo ba." Ya murza kunnen kamar zai gyaru. "A wurin aiki an raba mana abin toshe kunne tun shekarun baya, na ce na yara ne. In na dawo kuma in zauna tsakanin waɗannan. Na lura tsuntsayen bishiyar nan sun daina kuka, na ce ko sun ƙaura. Ke kuma na ɗauka kin koma magana ciki-ciki."

"Ni na koma magana ciki-ciki? Ni da nake tsawata wa aji guda?"

"To ai a gida ba ki yi."

"Shi kuma 'to' ɗin fa?"

Ya yi 'yar dariyar kunya. "In na ce me kika ce, na sake cewa me kika ce, sai ki ce a bar shi, ki wuni kina kumburi. Sai na ga 'to' ta fi zaman lafiya. Ai yawanci gishiri ne ya ƙare, ko famfo yana ɗiga. Daga baya nakan gano ko mene ne."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta, don gaskiya ce, takan ce a bar shi. Ta gyara zama a kan teburin. Ta yi wa kanta alkawari ba za ta sake faɗa ba, amma alkawarin a kan wani mutum daban ta yi shi, wanda ya ji ya share.

"Wannan ba gishiri ba ne," ta ce. "Dube ni sosai. Likita ya ga ƙullutu a nan." Ta ɗora hannu a wurin. "Ba su san ko mai kyau ne ko mugu ba sai sun cire. Ranar Litinin za a yi min aiki. Jakar da ka gani ta asibiti ce."

Idonsa yana kan bakinta, yana ɗaukar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ta ga lokacin da suka isa. Fuskarsa ta saki gaba ɗaya, ya zama tsoho a cikin rigar samari.

"Wace Litinin?"

"Jibi."

"Jibi? Yaushe kika sani?"

"An kwana biyu."

"Kika zauna da wannan ke kaɗai? Malama, me na yi miki? Kin gaya wa Yaya, ni ba ki gaya min ba?"

"Na gaya maka. A kicin, kana cin abinci. Na sake gaya maka a mota."

Ta ga yana lalube a kansa, yana neman ranar, bai same ta ba. A duk ranakun nan babu wadda ta bambanta da sauran a wurinsa.

"Me na ce?"

Ta so ta yi masa ƙarya. Ta nemi wata a kusa, ba ta samu ba.

"Ka ce to."

Faifan yana ta tafiya ƙasa-ƙasa, mai ganga yana saurinsa. Zarto ya miƙa hannu ya kashe shi a tsakiyar waƙa, abin da ko wuta aka ɗauke sai ya yi mita a kai. Ya share fuska da gefen rigar, guduma ta tattare a tafinsa.

"Kuma kika ci gaba da dafa min abinci," ya ce.

"Da wa zan bar wa?"

"Ni zan kai ki. Ki kira Yaya ki ce ta huta. In tana so ta zo ta zage ni a can, ta zo, ko banza ba ji zan yi ba."

Dariya ta kuɓuce mata ba shiri, guntuwa, mai ciwo. Maganar takardu da ɗan kunnen da ke ƙasan jaka ta bar ta a cikinta. Za ta mayar da su inda suke kafin ya shiga ɗakin.

Ya miƙe. Ta ɗauka ruwa zai ɗebo. Sai ya kama kujerar da hannu biyu ya ja ta, ƙafafunta suka bar kan salatif ɗin suna ƙara a kan tayil, ɗaya ma ta ɓalle shi ta tafi da shi. Ya juya ta ya ba sifikun baya, ya kawo ta daf da teburin, ya zauna har gwiwarsa tana taɓa tata.

"Fara daga farko," ya ce. "Abin da likita ya ce, duka, kada ki tsallake komai. A hankali. Kuma ki dube ni, in kin juya ba zan ji ba."

Ta fara. Kukan da ta ba shi baya don ta ɓoye ya zo tun kafin ta gama faɗin yadda ta fara jin ƙullutun, kuma wannan karon babu halin juyawa. Ta ci gaba da magana a haka, yana kallon bakinta.